Yayana, Mai Gyaran Balan

A Balan, cikin ƙasar Gaya, wanda ya iya gyara ba ya rasa mai sallama a ƙofar gidansa. Yayana, Allah ya jiƙansa da rahama, yana cikin irin waɗannan mutane. Manomi ne ɗan manomi, allo kawai ya yi, kuma bai taɓa zama gaban wani ubangida don koyon sana'a ba. Duk da haka da wuya ka shiga gida a unguwarmu ka rasa abin da hannunsa ya taɓa.

A gandun mahaifinmu ya koyi komai. A lokacin aikin gandu ake yi tun da safe har azahar, sai da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. In ƙotar fartanya ta karye ana tsakiyar noma, babu mai jiran ranar kasuwa. Yaya zai zagaya ya nemo reshe mai gwiwa, ya sassaƙe shi da gizago, ya sa tsinin ƙarfen a wuta sai ya yi ja, sannan ya danna shi cikin icen, hayaƙi na tashi, har ya zauna daram. Ni nawa riƙo ne. Yakan ce mini, "Riƙe da kyau, ƙanena, ƙarfe ba ya jiran mai nawa." Dattawa kuwa in sun gan shi sai su ce gado ne, don tarihin baka ya nuna maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka je dutsen Dala neman tama tun Kano ba ta zama birni ba.

Farin 1973 ne ya nuna mini amfanin wannan hannu. Gero ya ƙone a gona. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, wadda da ita muke biyan haraji mu ɗinka tufafin Salla. Sa'o'in Yaya da yawa suka tafi ci-rani Kano, wasu har Legas, wasu ma ba su dawo da zama ba. Yaya ya ce shi ba zai bar mace da ƙananan yara da tsohuwarmu ba. Ya shimfiɗa buhu a gindin bishiya ya kama facin keke. Zai hura tub, ya tsoma a kwanon ruwa yana juyawa a hankali har ya ga inda kumfa ke fita, ya goge wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska kafin ya manna. Daga keke ya koma fitilar ƙwai da tocila da rediyo. Da rani yana yaɓen rumbu, yana jinka, yana yasar rijiya. Kwabo-kwabon nan ne ya riƙe gidan har ruwa ya dawo.

A cikin gida ma haka yake. Turmi in ya tsage, ya ɗaure shi da waya. Darni in ya kwanta, kafin matarsa ta ce "Malam, awakin maƙwabta sun shigo," ya riga ya ɗauko kara da igiya. Bai cika magana ba, kuma ban taɓa jin ya yi wa 'ya'yansa doguwar nasiha ba. Yaro dai zai tsuguna kusa da shi, ya miƙo guduma, ya miƙo filaya, wata rana ya ji an ce, "To, ƙarasa." Da hukumar KNARDA ta shigo ƙauyuka da famfon tuƙa-tuƙa a shekarun 1980, duk inda makanikai suka zaro bututu yana tsaye yana kallo, har ya gane cewa yawancin lalacewar robar ciki ce ke cinyewa. Daga nan mata suka daina zaman jiran mai gyara daga Gaya.

Ladan aiki kuwa, abin da aka ba shi yake karɓa: kwanon dawa, goro, wani lokaci "Allah ya yi albarka" kawai. Akwai masu cewa ana cutarsa. Ni ban yarda ba, don na ga abin da ya faru shekarar da ciwo ya kwantar da shi ana cikin noman farko. Ba mu roƙi kowa ba, sai ga gayya a gonarsa, manya da samari, kafin azahar an gama. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa, kuma ranar na ga hakan da idona.

Abin da ke damuna yau shi ne yawancin kayan da ke shigo mana na roba ne, in sun fashe sai juji, yara kuma suna tasowa ba su ga ana buɗe abu a duba cikinsa ba. Amma aikin gyara bai ƙare ba: ga babura, ga injin ban-ruwa, ga sola, ga wayoyi. Ina roƙon iyaye a Balan da Kademi da ƙauyukan Ajingi, in an gama girbi, su riƙa tura yaro ya zauna gefen mai gyara ko da riƙo ne zai yi. Ɗaya daga cikin jikokin Yaya haka ya fara, yanzu yana gyaran babur, duk Juma'a yana kasuwar Wudil, da damina kuma yana gonar kakansa.