Madatsar Bayan Unguwarmu

Duk wanda ya zauna a ƙasar Yagwa ya san ruwa maƙwabci ne da ba ya sallama. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga laka mai riƙe ruwa, ga kogin Logon yana cika a watannin Agusta da Satumba.

A bayan unguwarmu ta Hausawa akwai wata 'yar madatsa ta ƙasa da iyayenmu suka ɗaga da gayya. Tsayinta bai fi ƙirjin mutum ba. Ba siminti, ba ƙarfe. Yumɓu suka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, su yayyafa ruwa, su daɓe, sannan su ƙara wani a kai. A gefe guda suka bar mafita mai faɗi, don in ruwa ya yi yawa ya bi ta can ya nufi fadama. Sun san in ruwa ya tsallake kan madatsar ƙasa, cinye ta yake yi nan da nan.

To, mu da muka gāje ta me muka yi? Da rani muka riƙa haƙar gindinta muna buga tubali. Muka cika mafitar da shara. Gafiya da gara suka yi gidaje a cikinta, itatuwa suka saki jijiya, ba wanda ya ce uffan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa yake: ramin gafiya ɗaya ya ishe shi, ya yi ta yashe ƙasa daga ciki har wurin ya rufta.

A daminar 2012 muka ga sakamako. A shekarar ce har babbar madatsar Maga, wadda aka gina a 1979 mai tsawon kilomita 27, ta tayar wa hukuma da hankali. Ita ma ta ƙasa ce. Tamu kuwa cikin dare ta ɓalle, daidai inda muka fi ɗibar ƙasa. Muka kwana muna cika buhuna da yashi, mata na ɗora yara da hatsi a kan amalanke. Ɗakunan da muka gina da ƙasar madatsar su suka fara zubewa.

Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun nuna ruwan bai gama da mu ba. An gyara madatsar Maga da kuɗin Bankin Duniya, amma babu bankin da zai zo ya toshe mana ramin gafiya.

Saboda haka muna roƙon Sarkin Hausawa da limamanmu su tsayar da ranar gayya kowace shekara, a watan Afrilu ko Mayu, tun ƙasa na bushe. A toshe ramuka da yumɓu, a yashe mafita, a dasa ciyawa, a nema wa masu tubali wani kududdufi. Mu kuma gayyaci maƙwabtanmu Masa da Musgum da Fulani, don ruwa ba ya tambayar yare.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.