Hular da na ƙarasa a cikin takaba

Akwai wani ɗinki ko saƙa da kika fara, kika naɗe a leda kika tura ƙasan akwati, kina cewa sai kin samu sarari? Ni ma ina da irin wannan ledar. Labarinta zan ba ki.

A cikin birnin Zariya na tashi, inda da wuya ki shiga gida da hantsi ba ki tarar da mace a kan tabarma da allura a hannu ba. Wasu na surfanin babbar riga, aska biyu ko aska takwas, wasu na ɗinkin hula. Kakata ce ta koya mini ina 'yar shekara 9. Ba ta da dogon bayani. Ta ce kada zaren da zan zura ya wuce kamu ɗaya, domin in ya yi tsawo zai harɗe, kuma ya tsufa tun kafin ya ƙare. Ta ce in zaɓi allura daidai da kaurin zaren, babba tana barin rami a yadi, ƙarama tana cinye zare. In wanke hannu kafin in taɓa farin ƙyalle, in zauna inda haske zai faɗo a kan aikin. Sai ta ƙarshe, wadda na raina: in sayi zaren hula gaba ɗaya a rana ɗaya, domin rini ba ya zuwa iri ɗaya sau biyu.

Da na yi aure na koma Kano ban taɓa ɗinki don kuɗi ba. Abin sha'awata ne kawai. Wata shekara, kafin azumi, na shiga Kasuwar Kurmi na sayi zare shuɗi da ruwan toka, na karɓi farin ƙyalle da mai zane ya riga ya zana, na ce wa maigidana da hular hannuna zai je Idi. Ya yi dariya ya ce, "Allah ya nuna mana." Kin san hula kashi biyu ce, jiki da sama. Na gama saman cikin mako biyu, na kama jikin, na kai wajen rabi. Daga nan sai goyo, sai hidimar makarantar yara, sai wannan wayar da kike riƙe da irinta yanzu. Ba zan yi miki ƙarya ba, lokacin yana nan, a WhatsApp na zubar da shi. Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yakan tsokane ni ya ce, "Ina hular Idi?" In ce saura kaɗan.

Rashin lafiyar kwana shida ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Wadda ta yi takaba ta san yadda wata huɗu da kwana goma suke. Makon farko gida cike, ana shiga ana fita. Bayan sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke, yara su tafi makaranta, a bar ki da agogon bango. Na yi karatu, na yi tasbihi, amma tsakanin azahar da la'asar hannuna ba ya samun abin yi, zuciyata kuma ta yi ta kai-komo. Ina duba waya sai in faɗa kan tsofaffin saƙonninsa. Wata rana ina neman takardar haihuwar autana na ci karo da ledar. Allurar tana soke a inda na tsaya, har ta yi tsatsa ta ɓata wurin.

Na daɗe ina kuka a kanta. Washegari na canza allura na zauna bakin ƙofa. Abin da na gano shi ne ɗinki ba ya barin ki tunani biyu a lokaci ɗaya. Dole idonki ya bi zanen, ki ja zare daidai, kada ya yi tsauri ƙyallen ya tattare, kada ya yi sako-sako. Hankalinki na tafiya aikin zai karkace, ki dawo ki warware. A farkon kwanakin abin da na warware ya fi abin da na ɗinka. A hankali na ga ina iya yin awa guda ƙirjina bai yi nauyi ba.

Sai shuɗin zaren ya ƙare, saura kamar faɗin tafin hannu. Na aiki ƙanwata Kurmi da guntun tsohon. Ta zaga ta kawo mafi kusa, amma bai zama ɗaya ba, sabon ya ɗan fi duhu. Maganar kakata ta tabbata. Na yi niyyar warware jikin gaba ɗaya, sai babban ɗana, mai shekara 16, ya ce, "Umma, ki bar shi haka. Wannan na lokacin Abba ne, wannan kuma na bayansa."

Na ƙarasa saura kwana tara in fita takaba. Aka haɗa jiki da sama, aka kai wa masu wankin hula suka wanke suka sa sitaci. Ta ɗan yi masa yawa, amma da ita ya je Idi. Duk wanda ya matso zai ga inda shuɗin ya sauya.

Ba ina ce miki allura tana maganin rashi ba, haƙuri daga Allah yake. Amma ki samu abu ɗaya da hannunki ya iya, ki riƙe shi tun kina cikin walwala, domin ranar da gida ya yi shiru ba ranar koyo ba ce. In kuma akwai wanda kika yi wa alkawarin wani aiki, yana nan da ransa, ki ciro ledar nan yau. Minti 20 bayan la'asar ya isa a fara.

Ke me ke cikin taki ledar, kuma don wa kika fara shi?