Dattijon Bayan Labule

A zauren wasan kwaikwayo na wata jami'a a Arewa akwai wani dattijo da ya shafe shekaru yana kula da fitilun dandamali. Ɗalibai sun fi saninsa da magana guda: "Ba zai ɗauka ba." Ranar da 'yan ajin ƙarshe na sashen Hausa suke gwajin wasansu, matashin malamin da ke ba da umarni ya nemi a ƙara fitila mai wat 1,000 a layin da ke haska fadar sarki, inda da ma akwai fitilu biyu masu wat 650 kowace.

Malamin ya zo da lissafinsa. Na'urar rage haske da ƙara shi, wadda ma'aikata ke kira dima, kowane layinta amfiya 10 yake ɗauka. Idan aka ninka wannan da bolt 230 na wutar Nijeriya, wat 2,300 ke nan, daidai da jimlar fitilun uku. Ya ce, "Baba, ai ya shiga cif." Dattijon ya amsa, "Malam, tulun da aka cika har baki ba a tafiya da shi."

Hujjojinsa uku ne. Na farko, masu sana'ar ba sa wuce kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikin na'ura idan fitila za ta daɗe a kunne, wato wat 1,840 a irin wannan layi, balle a zafin Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta toshe fankar dima. Na biyu, zaren kwan fitila idan yana da sanyi yakan zuƙi wuta ninki goma ko fiye a ƙiftawar farko, shi ya sa yake ɗumama fitilu kaɗan kafin a ɗaga labule. Na uku shi ne wanda malamin bai taɓa lura da shi ba: dimar layi shida gare ta, amfiya 60 idan duk aka cika su, alhali wayar da ke kawo mata wuta amfiya 32 kawai take ɗauka.

Wani ɗalibi ya ce idan fis ya tsinke sai a ɗaura silin tagulla a madadinsa. Nan ne kaɗai dattijon ya ɗaga murya. Fis, in ji shi, an yi shi ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone, kuma wayar nan a bayan labule take. Tarihi yana bayansa: a 1903, tartsatsin fitilar dandamali ya kama labule a gidan wasa na Iroquois da ke Shikago a Amurka, mutum kusan 600 suka rasu.

Masu nazarin wasan kwaikwayon Hausa sun yi rubuce-rubuce a kan jigo da salo da zubin 'yan wasa, amma ba kasafai suke tambayar abin da wayar zaure ta yarda a nuna ba. A daren wasan, dattijon ya cire ɗaya daga masu wat 650, ya kafa babbar fitilar daga gefe, layin ya tsaya a wat 1,650. Sarki ya yanke hukunci rabin fuskarsa cikin inuwa. Da aka tashi, malamin ya zaga bayan labule ya taya dattijon naɗe waya.