Wilin da ya ƙi barin motar Baba

Motar mahaifinmu ta shekara 11 a tsaye ƙarƙashin wata rumfar kwano a gidanmu na Bodinga. Peugeot 504 ce doguwa, irin wadda ake kira wagon, haɗin masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Ya saye ta da rancen mota na ma'aikata a zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, kuma ranar da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi, ya ja birkin hannu, ya kulle ta, ya adana makulli. Bayan rasuwarsa aka raba gado, sai layin katangar da za ta raba kasona da na ƙanwata ya bi ta tsakiyar rumfar. Magina suka ba ni kwana uku. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kuwa sun riga sun yi tayi, su da wutar yanka suke zuwa.

Tayoyin duk sun ruɓe, dole a sauya su kafin a ja motar. Uku suka fita da ɗan gumi. Wilin baya na hagu ya ce bai san zancen ba. Na kwance notocinsa duka, na ɗaga motar da jak, na ari babbar guduma wurin magina, na yi ta narka masa har kafaɗata ta sage. A haka wani tsohon bakanike, aminin Baba, ya same ni. Daga garin Shagari ya hawo kabu-kabu da ya ji labari.

"Ɗana, aje gudumar nan. Mi wagga mota ta yi maka?"

Abin da ya fara sa ni shi ne in mayar da notocin, in ɗaure su sakwa-sakwa, ya rage kamar zagaye biyu su kama. Sannan ya sa aka mirgino wani tsohon turmi da kututture aka tokare motar. Na yi awa guda ina dukan mota mai nauyin fiye da tan ɗaya, tana tsaye kan jak siriri, ƙafata a ƙarƙashinta. Da wilin ya saki a lokacin, babu noti ko ɗaya da zai tare shi.

Yawancinmu muna zaton notoci kaɗai ke riƙe wili. A tsakiyar wilin akwai rami, a jikin hob kuma, wato kan ƙarfen da wilin ke zama a kai yana juyawa, akwai ɗan leɓe da ke shiga ramin nan cif-cif, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin farce ba. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, tana kumbura ninki da yawa. Idan ta tsiro a wannan ƴar tazara, ba ta da wurin zuwa, sai ta cika ta, ta matse ƙarafan biyu tamkar an yi musu walda. Wani zai ce ina tsatsa a ƙasar Sakkwato mai zafi da bushewa? Damina 11 ta feso ta gefen rumfar nan, kuma awakin gida sun mayar da gindin wannan tayar makwancinsu. Fitsarin dabba da gishirin da ke cikinsa sun fi ruwan sama cin ƙarfe.

Tsohon ya tsiyaya kananzir gauraye da man birki a kewayen leɓen, ya shiga ƙarƙashi ya sassauta wayar birkin hannu, ya ce a bar ta ta kwana. Raina ya sosu, don kwana ɗaya cikin uku ke nan, kuma a ganina ba a yi komai ba.

Da safe ya zo da mai walda da ƙaramar tukunyar gas. Kafin a kunna wuta ya sa aka yanke gefen tayar kewaye, aka ɓare ta daga wilin, aka lulluɓe wajen tankin mai da jiƙaƙƙen buhu. Roba idan ta sha zafi tana fitar da iska mai kamawa da wuta a cikin tayar, tana iya tarwatsewa ko bayan an kashe wutar, kuma hakan ya kashe mutane a garejin ƙasashe da dama. Tankin da ya daɗe babu mai ma ba abin amincewa ba ne, tururin da ya rage a ciki ya isa.

Dabarar wutar ta burge ni fiye da komai. Ƙarfe yana miƙewa da kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na zafi. Ramin da faɗinsa ya kai milimita 70, in aka ƙara masa digiri 100, zai buɗe da kimanin kaurin gashin kai guda. Wannan ya isa ya farfasa tsatsar. Sharaɗin shi ne wilin ya yi zafi, hob ɗin ya zauna da sanyinsa, domin in suka ɗumama tare, tare za su kumbura. Shi ya sa ya ce wa mai walda ya riƙa kewaya ramin da sauri, kada ya tsaya wuri ɗaya. Bai san lissafin ba, ni kuma da na san lissafin ban san inda ake ɗora wutar ba. Ya jingina katako a bayan wilin, ya buga nan, ya koma can ya buga. A bugu na biyar muka ji "ƙas", wilin ya zamo ya tsaya a kan notocin, jar ƙura ta zubo.

Sauran gangar birki. Ita matsalarta daban: birkin hannun da Baba ya ja ya danna takalman birki a jikinta shekara 11, har suka manne. Ga kuma kaifin da tsawon amfani ke bari a bakin gangar, wanda takalman ke maƙalewa a bayansa. A nan ne babbar guduma ke yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, domin gangar zubin ƙarfe ce, tsagewa take yi, kuma samun ta asali yanzu sai an tona kasuwar kayan gyara. Da ƙaramar guduma ya bi fuskarta yana ƙwanƙwasa tsakanin kusoshin, yana kasa kunne, har amon ya sauya. Ƙurar da ke ciki ya jiƙa da ruwa kafin ya goge. Ya ce tana sa tari. Yana da gaskiya fiye da yadda ya sani, takalman birki na wancan zamani da asbestos ake yin su.

Ya ce mu gode Allah ba Beetle ba ce, wadda gangarta ta baya ke ɗaure da noti mai milimita 36, sai an zura bututu a sifana an hau kai da ƙafa.

Ɓarnata ita ce lanƙwasa a bakin wilin da kusa ɗaya da zarenta ya mutu. Ya shafa giris kaɗan a leɓen hob, ya hana ni shafawa a zaren kusoshi, muka ɗaura aron taya. Da la'asar ɗin kwana na biyu wata akori-kura ta ja motar ta hau titin Jega zuwa Shagari, ina riƙe da sitiyari, shi yana gefe a kujerar da ya saba zama. Na tambaye shi kuɗin aikinsa, ya ce in bari sai injin ya tashi. Har yanzu tana ƙofar garejinsa, an ɗora ta kan duwatsu, birkin hannu a sake.