Yaran Ishiriniyya a Omdurman, Maulidin 1444

Talata, 8 ga Rabi'ul Awwal
Yau yaran Kano suka iso unguwarmu, Dar Salam. Islamiyyarsu ce ta cika shekara hamsin, sai malamai suka ce a bi da su tsohuwar hanyar mahajjata, a yi Maulidi a Sudan. Mun raba su gida-gida. Kisra ba ta shige su ba, amma da aka kawo agashe sai dariya, wai ai tsire ne. Na ce musu kakanninsu ne suka zo da shi.

Laraba, 9
Bita bayan La'asar a tsakar gidana. Babbansu ya ɗora bandiri a kan gawayi yana jujjuya shi, yana ɗan ƙwanƙwasa fatar da yatsa har ta ɗaure. Mai ja musu baki bai wuce shekara goma sha biyu ba, muryarsa siririya. Malaminsu ya raɗa mini cewa da wuya ta kai baɗi. Da zarar ta buɗe, sai ya koma sahun masu amshi, wani ƙaramin ya gaje shi. Ya ce haka suke yi tun kafuwar makarantar.

Alhamis, 10
Na kai su Mogran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, daga nan muka zarce ƙubbar Mahadi. A hanya na ba su labarin yaƙin Burmi, 1903, da yadda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Na kuma faɗa musu cewa macen da ta fara waƙa a Rediyon Omdurman a 1942, A'isha Falatiyya, jininmu ce. Ba wanda ya taɓa jin sunanta.

Juma'a, 11
Kafin Magariba muna zikirin Ƙadiriyya a Hamad al-Nil, ana ƙura da turare. Da dare sai filin masallacin Khalifa, kowace ɗarika da tantinta, masu alawar riɗi da ta gyaɗa sun cika hanya. Yaran sun tsargu da jin manyan ganguna. Suka dai fara Ishiriniyyar Alfazazi a hankali. Kafin su kai baiti na uku, wasu tsofaffi a bayan tanti sun karɓi amshi, da karin da ake yi a Kano. Ɗayansu an haife shi a gonakin audugar Jazira, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya riƙe hannun mai ja, ya ce, "Jikana, wa ya koya maka?" Yaron ya ce, "Malam ne, Baba." Tsohon ya ce shi a bakin mahaifiyarsa ya ji, tana niƙa.

Asabar, 12
Hutun Maulidi. Yaran sun zo da niyyar nuna wa mutanen Sudan abin da ake yi a gida, sai ga shi tun da hantsi suna durƙushe gaban tsohon nan yana gyara musu wani kari da ko malaminsu bai sani ba. An ɗauka a waya. Gobe da asuba za su kama hanyar Mai Wurno, kuma tsohon ya ce ƙafarsa ƙafarsu.