Lavender Hill: Inda Wari Ya Taɓa Korar Mu

Duk wanda ya zauna a Sabon Zongo na Accra shekarun baya ya san Lavender Hill, ko da ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Iska ce ke kawo masa labari. Sunan na fure mai ƙamshi ne, amma ba'a ce kawai: a nan motocin kwasar masai ke juye kayansu cikin teku, kusa da bakin tafkin Korle.

A 2014, shekarar da kwalara ta addabi Accra, ɗana ƙarami ya kwana huɗu ana yi masa ƙarin ruwa. Allah Ya tashe shi, amma na tsani hanyar nan.

Bana da na koma saro kaya, maƙwabcina na dā ya ce, "Alhaji, zo ka ga abin mamaki." Tun ƙarshen 2016 aka buɗe matatar ƙazanta a wurin. Mota na juyewa, rariyar ƙarfe ta tare leda da tsummoki. Sai a raba ruwa da dusar. Ruwan ya shiga manyan tankuna inda ƙwayoyin halitta ke cinye dattin, har su fitar da iskar gas. Dusar kuma a busar, ta zama taki.

Warin bai gushe gaba ɗaya ba, kuma kwatocin unguwanninmu na nan cike da leda. Wannan kam aikinmu ne, 'yan'uwa. Duk ledar da muka jefa a masai, wani ne zai tsamo ta.