Hawan Mambila da Ruwan Lagireto

Matafiyin da ya bar Jalingo da niyyar zuwa Gembu zai wuce Bali, ya wuce Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, sannan ya iso Mayo Selbe. A nan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take ƙarewa. Daga nan sai hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, har a kai saman tsaunin Mambila, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku. Yanki ne da ya taɓa zama a hannun Jamusawa, daga baya Turawan Ingila suka riƙe shi amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 Arewacin Kamaru ya zaɓi shiga Nijeriya. Ƙaramar hukumar tana ɗauke da sunan Sardauna har yau.

Masu rubutu a kan Mambila sun fi son zancen sanyi da ganyen shayin Kakara da garkunan shanu a kan tuddai masu koriyar ciyawa. Direbobin hanyar kuwa zancensu ɗaya ne: ruwa. Ba na sama ba, na lagireto. A Mayo Selbe na ga kusan kowace mota da murfin injinta a ɗage, direba yana leƙe, yaron mota riƙe da jarka.

Na bi hanyar a ƙarshen damina, cikin wata tsohuwar motar haya da ta girmi yawancin ɗalibaina. A cikinmu akwai wata dattijuwa da aka sallamo daga asibiti, jikanta yana mayar da ita gida. Mun ci kamar rabin hawan sai direba ya shaƙi iska, ya dubi allurar zafi, ya lallaba zuwa wani ɗan faɗi a jikin dutse ya kashe mota. Kafin a sa wa tayoyi weji, tururi ya fara tasowa ta gefen murfin inji. La'asar ta yi, hazo yana saukowa, kuma wurin bai fi taku kaɗan daga wata kwana ba, inda manyan motoci masu gangarowa ba sa ganin abin da ke gabansu.

Jikan dattijuwar, cikin son taimako, ya miƙa hannu zai buɗe murfin lagireto. Direba ya daka masa tsawa: "Kai samari, cire hannunka! So kake mu koma da marasa lafiya biyu?" Gaskiyarsa. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasa, da zarar an buɗe masa ƙofa sai ya yi tsiri ya wanke fuskar mai buɗewa. Muka zauna a kan duwatsu kusan minti arba'in muna jiran ƙarfe ya huce.

A wannan jira ne na yi ta juya lissafin da ya sa hawan nan yake tona asirin tsofaffin motoci. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100. A saman Mambila, saboda iska ta yi sauƙi, yana tafasa ne a wajen digiri 95. Murfin lagireto, wanda mutane suke ɗauka marfi ne kawai, aikinsa shi ne ya matse ruwan yadda ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. To, huda ko da ta allura ce tana zubar da abu biyu, ruwa da matsi. Ga inji yana gurnani da giya ta ɗaya ko ta biyu, ga tafiya a hankali, iskar da ke ratsa lagireto ba ta da yawa. Yoyon da mota za ta yi wata guda tana ɓoyewa a titunan Jalingo, a nan cikin rabin sa'a yake bayyana.

Da injin ya huce, direba ya shiga bincike cikin natsuwa, ni kuwa na tsaya a bayansa kamar ɗalibi. Ya fara da abin da ya fi tsoro. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba, ya buɗe murfin mai ya leƙa ƙarƙashinsa. "Malam, in ka ga ya koma kamar shayi da madara, to gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. A nan za mu kwana." Man baƙi ne wuluk, muka yi hamdala. Ya girgiza fulin famfon ruwa ya ji ko yana lilo, ya shafa ƙasan famfon, domin akwai wani ɗan rami da ruwa ke ɗiga ta cikinsa idan robar ciki ta mutu. A bushe yake. Ya bi jikin lagireto da ido yana neman farin tabo ko jan tsatsa, irin sawun da ruwa ke bari bayan ya ƙafe. Daga ƙarshe ya matsa tiyon sama da hannu, sai ga ruwa yana tsartuwa daga wata tsaga a gindin maɗaurinsa. Robar ta tsufa, ƙarfen ɗaurin ya ci ta.

Ya kwance maɗaurin, ya yanke bakin tiyon kamar faɗin yatsa biyu, ya mayar ya ɗaure. Ya ta da inji, ya riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, don kada sanyi ya faɗa wa ƙarfe farat ɗaya ya tsaga shi. Wani fasinja ya ba da shawarar a fasa ƙwai a ciki ko a zuba garin taba, wai yana toshe huda. Direba ya ce yana toshewa, har da hanyoyin da ba a ce ya toshe ba.

Mun isa Nguroje bayan isha'i, dattijuwa tana rawar ɗari cikin bargo. Washegari na bi direba wurin wani dattijon bakanike, domin gyaran hanya ba ya wuce ya kai mutum gida. Ya sauya tiyon, ya karɓi murfin lagireto ya danna robarsa da farce, ta bushe kamar ƙirgi, ya ce shi ma a sauya. Ya bar injin yana aiki da bakin lagireto a buɗe, ya zura wa ruwan ido ko zai ga kumfa tana tasowa, ya koma ya duba hayaƙin salansa ko fari ne mai ƙamshin zaƙi. Babu ko ɗaya. A gefensa akwai babban baho da yake nutsa lagireto a ciki, ya hura masa iska da famfon taya, inda kumfa ta fito ya like da dalma. Ya ce na tagulla ne ke karɓar wannan magani, na yanzu masu kan roba in sun tsage yawanci sai saye.

Abu biyu ya yi ƙorafi a kai, kuma ina bayansa. Na farko, ruwan rafi zalla da ake ɗura wa mota shekara da shekaru, wanda ke cin ƙarfe daga ciki. Ruwan sanyaya inji mai launi yana hana tsatsa, sai dai guba ne mai zaƙi, kuma a ƙasar da shanu suka fi komai daraja bai kamata a zubar da shi a ƙasa ba. Na biyu, al'adar makanikanmu ta cire tamostat daga kowace mota da sunan ƙasarmu zafi gare ta. Mota mai yoyo ba ta warkewa da wannan, kuma a Nguroje, inda mutum ke ganin tururin bakinsa da asuba, injin da aka cire wa shi sai ya daɗe bai ɗumama ba, yana shan mai a banza.

Direba ya biya, ya cika jarkoki biyu ya ɗaure a bayan mota. Saura tafiyar Gembu, kuma gobe da sassafe yana da lodin komawa Jalingo, inda a gangara hankalinsa zai koma kan birki.